Samchun Wolsun da Jonbok Mai Rinin Gashi

In kun taɓa sauka daga bas a gindin dutsen Songsan na tsibirinmu Jeju, to kun ga fuskar Samchun Wolsun ko ba ku sani ba. Ita ce a ƙaton allon nan na wurin ajiye motoci, baki buɗe har ana hango abin da ta ci jiya, ta ɗaga jonbok, dodon koɗin teku, sama kamar wadda ta ciwo kofin duniya. Rana ta cinye hoton, ya koɗe. Ita kanta kuwa ta fi hoton koɗewa, sai dai ba mai faɗa mata haka sai wanda ya gaji da haƙoransa.

Ni teburina yana can ƙasa, bakin ruwa, inda nake yanka wa baƙi abin da mata masu nitso suka fito da shi. Daga nan ko kaguwa ta yi tari sai na ji.

Bu Wolsun sunanta, amma a nan duk wanda ya girme ka Samchun ne, mace ko namiji. Ana cewa uwarta a ruwa naƙuda ta kama ta, ta fito ta haife ta a kan dutse, ta koma ta ƙarasa cika raga. Wolsun ta iya nitso kafin ta iya gaisuwa, gaisuwar ma har yau ba ta gama koya ba. Tana budurwa ta bi jirgi ta yi nitso a tekun Busan, ta yi a na Japan, ta dawo da keken ɗinki da mugun baki. Mijinta, mutumin kirki, aikinsa goyon yaro da shan giyar shinkafa, kuma na biyun ya fi ba wa muhimmanci har ya tafi da shi. Da numfashinta ta yi wa ɗansu Gitae makaranta, yanzu yana can Seoul yana aikin ofis da takalmi mai ƙyalli.

A zamaninta ba a yi mai dogon numfashi kamarta ba. Takan shiga ƙasa, a dafa shinkafa, a ci, a wanke kwano, sannan ka ji fiton da take yi na sakin numfashi, hoooi, daga can nesa. Jonbok kuwa, dodon koɗin nan mai ɓawo guda da ke manne wa dutse a ƙasan teku, wanda baƙi ke rawar jiki a kansa, ita ɓamɓaro shi take kamar ƙanzon tukunya. Kuma ga al'adarmu: in manyan masu nitso sun fito da raga cike, sukan ɗebi kaɗan su jefa a ragar sabuwar shiga ko ta tsohuwar da ƙarfinta ya ƙare, ba tare da an ce komai ba. Wolsun ta jefa wa rabin garin nan. Ita dai ba a taɓa jefa mata ba. Wata ta gwada sau ɗaya lokacin da take da ciki, sai da aka raba su.

To, sai shekaru suka yi abin da suka saba. Kullum da rana matan kan yi wa baƙi wasan nitso. Su tsaya da rigunansu na roba su rera waƙar tuƙin jirgi, su rungumi gorunan iyonsu masu launin ruwan lemo su faɗa ruwa, can a fito da dabbar ruwan nan mai hannu takwas ko jonbok, baƙi su yi ta tafi suna ɗaukar hoto. Tun bazarar bara Samchun ta fara fitowa hannu wofi. Ta shiga, kafin ka ƙifta ido ta taso, fiton nata ya koma kamar na butar da ta tsage. Garin maganin ciwon kan da suke sha kafin shiga ruwa, ita yanzu har ninkawa take.

Shugabar masu nitson, Yang Dokja, mace ce mai ƙirar tukunyar ajiye kimchi, kabejinmu mai tsami, gajera, ba wuya. Wolsun ce ta jefa mata jonbok ɗinta na farko tana yarinya. Rannan a zagayen dutsen da suke jin wuta in sun fito, Dokja ta yi ta juya itace kafin ta buɗe baki.

"Samchun, ki ji ni da kyau. Jiya leɓenki har ya yi shuɗi. Ran Asabar in kika sake fitowa haka, sai tekun kakanni."

Tekun kakanni shi ne ɗan lungun nan mara zurfi da aka ware wa tsofaffi, ruwa iya ƙugu, su riƙa tsintar ciyawar teku. Ba mai shiga musu, girmamawa ce. Amma a wurin Wolsun gara ka ce mata ta shiga akwatin gawa ta ja murfi.

"Ke Dokja, ni? Ni da na share miki majina a cikin ruwan nan?"

"Kin share, na gode. Shi ya sa ba na so ni ce zan ciro ki da igiya a gaban 'yan Seoul."

Abin da ya fi tekun kakannin tsoro kuwa, Gitae ne. Ya riga ya faɗa mata a waya, kuma wayar Samchun duk unguwa ake ji, cewa ranar da aka cire ta daga zurfi, ranar zai zo ya ɗauke ta. Ya gyara mata ɗaki can ƙololuwar bene, inda in ka leƙa taga mutane kamar ƙwayar riɗi. Ta taɓa zuwa sau ɗaya. Ta ce mana iskar gidan ma a cikin na'ura ake dafa ta, kuma surukarta tana bin bayanta da tsumma duk inda ta taka.

"In na shiga ɗakin nan, bikin girbi na Chusok ba zai same ni da rai ba," ta ce min tana wasa ƙarfen ɓamɓararta a gefen teburina. Ba da wasa ta faɗa ba.

Ba abin da ba ta yi ba a makon nan. Ta dafa shinkafa ta ƙunshe a farar takarda ta jefa wa Sarkin Ruwa. Ta ci naman baƙin alade har ta ƙoshi wai ya ƙara mata ƙarfi. Jikar maƙwabciyarta ta ce ta leƙa ta same ta da kai cikin bahon wanki tana gwada riƙe numfashi. Ta shiga ruwa ita kaɗai da sassafe, abin da doka ta hana, ta fito da dutse guda da ciwon ƙirji.

Ran kasuwa sai ga ta a birni, da hular rana mai rufe fuska duka da baƙin tabarau, wai kada a gane ta. Matar da tafiyarta kaɗai ta isa a gane ta daga jirgin sama. Ta tsaya gaban Malsuk mai sayar da jonbok ɗin kiwo, irin wanda ake renonsa a keji kamar kaji. Malsuk ɗin ce ta ba ni labari, ni kuma ban faɗa wa kowa ba sai ku.

"A'a, Samchun Wolsun! Lafiya? Mai rijiya ta zo sayen ruwa?"

"Ba ni ba ce. Ba ni mafi girma, ki rufe min baki."

Matsalar ita ce ko jaririn garin nan ya san bambanci. Na teku ɓawonsa baƙi-baƙi ne, ƙazami, duk ƙuraje da ciyayi. Na kiwo kuwa kore ne shar, sumul, kamar an wanke shi da sabulu. Wolsun ta fi kowa sani. Sai ta duba gidanta, me ke mai da fari baƙi, kuma ruwa ba ya wanke shi? Maganin rinin gashinta. Wanda take shafawa duk wata tun kafin a haifi surukarta. Ta dama, ta ɗauki tsohon buroshin haƙori, ta bi ɓawon bawan Allah nan lungu-lungu, ta yayyafa masa yashi, ta ɗaura masa 'yar ciyawa. Abin da ta manta, gashi yana shan rini, ɓawo ba ya sha.

Asabar ta zo, rana tas, bas-bas sun cika fili har kan titi. Baƙi sun gangaro matakala kamar tururuwa: 'yan Seoul, 'yan Sin da tutocinsu, amare da angwaye da riguna iri ɗaya, wasu tsofaffi da kayan hawan dutse kamar za su yaƙi. Aka yi waƙa. Samchun na tsaye a ƙarshen layi, cikinta ya yi wani tudu a gefe guda ƙarƙashin rigar roba. Na ce mata, "Samchun, ko Gitae zai samu ƙani ne?" Kallon da ta yi min, da wuƙa ce da yanzu ana sadakar bakwai ɗina.

Suka shiga. Ta yi iyo ta ɗan yi nisa, ta kifa kai, ƙafafu sama, ta ɓace. Ba ta daɗe ba, amma ta daɗe fiye da kullum, don sai da ta yi kokawa da rigar kafin ta zaro shi. Sai ga hannu ya ɓullo, riƙe da jonbok kamar faranti.

Bakin ruwa ya ɗauki ihu. Na rantse har dutsen sai da ya amsa. Ta fito tana haki, fuska kamar toka, amma bakin nan a buɗe irin na allon. Na ga Dokja ta tsaya cikin ruwa tana kallonta, ta ƙanƙance ido.

Da ta wuce kai tsaye ta jefa shi a raga, wataƙila da ta sha. Amma tafi ya yi mata daɗi, ta daɗe ba ta ji ba. Wata amarya 'yar Seoul, farar riga har ƙasa, ta matso tana rausaya.

"Kaka, don Allah in riƙe a ɗauke mu? Kai, ji nauyi! Honey, ɗauki da kyau!"

Ta rungume shi a ƙirji, ta karkata kai, ta ɗaga yatsu biyu. Da ta miƙo shi, tafin hannunta baƙi ƙirin, gaban rigar kamar an goge tukunya da shi. Jonbok kuwa ya fito kore shar, yana ƙyalli, sai 'yan zane-zanen rini a gefe.

Amarya ta ƙwalla ƙara. Baƙi ba su gane komai ba, wani ma cewa ya yi ai tawada ce irin ta dabbar nan mai hannu takwas. Amma matanmu sun gane. Dokja ta fito, ta karɓi abin, ta shinshina, ta dubi kan Wolsun inda gashi ya leƙo daga hular roba. Launi ɗaya, ba bambanci.

"Samchun," ta ce a hankali, "wannan a wane shagon gyaran gashi kika kamo shi?"

Wata ta fashe da dariya ta toshe baki. Wolsun kuwa, matar da ba a taɓa rufe mata baki ba tun da aka kafa garin nan, sai ta ɗauki goranta, ɗamarar dalma na ja mata ƙugu, ta bi ta tsakiyar baƙi ta haura. Ni da na zo da shirin dariya, sai na duƙufa kan yankana.

Ba a ma yi zaman hukunci ba. Angon amaryar ya sa hoton bidiyon a waya, ya zaga duniya, ya isa ofishin Gitae kafin rigar ta bushe. Washegari da hantsi sai ga shi ya sauka daga tasi da babbar jaka wadda ba komai a ciki.

Bai same ta a gida ba. Tana tekun kakanni. Da ƙafarta ta kai kanta, ta shige tsakiyar tsofaffin da ta yi shekaru tana kira masu wankan baho, ruwa iya ƙugu, cikin cikakkiyar shigar nitso har da gilashi. Gitae ya tsaya kan dutse da takalminsa mai ƙyalli.

"Inna, ki fito mu yi magana."

"Ina aiki."

"Wane aiki? Ruwan ko agwagwa ba zai nutsar ba!"

"To shigo ka fitar da ni, ɗan Seoul."

"Inna, duk ofis an ga abin nan. Jirginmu na yamma ne."

"Jirginka dai."

Haka suka yi ta yi har rana ta take. Tana rawar sanyi, leɓe ya yi shuɗi, ragarta ba komai sai ciyawa, amma ta ƙi matsowa ko taku ɗaya, don ta san in ƙafarta ta taɓa tudu an gama. Baƙi suka fara taruwa, sun ɗauka wani sabon wasa ne.

Can sai ga manyan sun dawo daga zurfi, Dokja a gaba. Hanyarsu ba ta nan ba ce, amma ta karkato ta bi ta gefen Wolsun, ba ta ko dube ta ba. Hannunta dai ya shiga ragarta ya fito, ya shiga ta Wolsun ya fito. Ta wuce abinta.

Duk muka riƙe numfashi, muna jiran a fara dambe. Wolsun ta daɗe tana kallon ragar. Sannan ta sa hannu ta ɗago shi sama: jonbok na teku, baƙi, mummuna, duk ƙuraje.

"Gitae! Ka gani? Wadda ke kamo wannan ce za ka kai ɗakin sama?"

Gitae a bakin ruwan nan aka goya shi. Ya san ba a taɓa samun irin wannan a tekun kakanni ba, ya kuma san abin da hannun Dokja ya yi, don ya sha ganin hannun uwarsa yana yi. Ya dube ta, ya dubi takalminsa da ya jiƙe. Ya ciro hankici ya daɗe yana fyace hanci.

"Zuwa Chusok, Inna. Daga nan ban yi alkawari ba."

Ya ja jakarsa wofi ya haura matakala. Sai da ta ga tasin ta sha kwana sannan ta fito, da rarrafe, muka naɗe ta a bargo kusa da wuta. Ta ajiye jonbok ɗin a teburina, haƙoranta na kaɗawa, ta leƙa ragar Dokja da ke gefe.

"Dubi 'yar banza," ta ce, hawaye na bin kuncinta. "Ƙaramin ta ba ni."