Kunyar Suruki da Bayanan Shinkafa

A ƙarshen mulkin soja ni sabon ango ne a unguwar Gidan Dare, ina kula da babbar kwamfutar wani sashen binciken noma. Shugaban sashen kuwa mahaifin matata ne. Ko a ofis ba na iya haɗa ido da shi, in na hango shi a baranda sai in sake hanya.

Ya kwashe shekaru yana bin tsofaffin manoman fadamar Kwalkwalawa, yana tattara bayanin irin shinkafar da suka gada, kuma duka yana cikin kwamfutar nan. Wata rana ya rubuta ɗan gajeren umarni a ƙaramar kwamfutarsa ta gida, wanda zai riƙa kwafe aikin zuwa kaset na ajiya kullum, ya aiko mini a faifai. Na saka, tamu ta ce ba ta gane ba. Na buga a takarda na bi harafi-harafi, ban ga kuskure ba. Sai daga baya na san cewa tasa tana ƙara wata alama da ido ba ya gani a ƙarshen kowane layi, tamu kuma tana haɗiye alamar tare da umarnin ta rikice. Gyaran bai kai shan kofin shayi ba.

To amma da wane baki zan ce wa surukina rubutunsa bai yi ba? Na faɗa wa matata, ta faɗa wa innarta. Kafin maganar ta kai kunnensa ta koma wai ina gaishe shi, kuma na'ura tana 'yar gardama. Ya aiko cewa in yi haƙuri da ita. Ni kuma kullum sai in ce gobe zan kwafe da kaina.

Ranar da wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙone kwamfutar, muka saka kaset muka tarar da shi wayam. Surukina bai yi mini faɗa ba, ni kuwa na so a ce ya yi. Washegari ya hau babur ya koma Kwalkwalawa don ya fara daga farko, ya iske yawancin tsofaffin sun riga mu gidan gaskiya.

Masu karatu, in na'ura ta yi ƙorafi kada ku yarda da idonku kawai, ku tambayi wanda ya sani. Kunyar suruki kuma abu ce mai kyau, amma ku bar ta a zaure, kada ta bi ku wurin aiki. Har surukina ya rasu yana amsa gaisuwata da fara'a, sai dai bai ƙara ambaton shinkafa a gabana ba.