Ƙwayoyin Jikata

Ban yi boko ba, amma ina da ido da kunne, kuma da su na riƙe gidan nan na Dukawuya. A hannuna jikata ta tashi har ta kai shekarar ƙarshe a jami'a, tana karatun kwamfuta.

A shekarar nan ta rame. Ido ja, abinci sai na tsaya a kanta. Wata Talata da hantsi ina tsince shinkafa a tsakar gida, na jiyo ta tana waya a ɗaki: "Wallahi ƙwayoyin nan sun hana ni barci. Na ƙara yawansu, abin ya ƙi."

Na san abin da ƙwaya ta yi wa 'ya'yan mutane a unguwar nan. Tana fita na zazzage jakunkunanta, na ɗaga katifa, ko maganin ciwon kai ban samu ba. Kafin la'asar na kai wa maƙwabtana uku maganar, wai neman shawara.

Washegari na tare ta a bakin ƙofa.

"Ke, zauna. Wa yake ba ki ƙwaya?"

Ta ce wace ƙwaya kuma. Da na maimaita mata abin da na ji, sai ta kwashe da dariya.

"Hajiya, laɓe kika koma yi da tsufanki?"

"Ba wasa na kira ki ba."

Ta ɗauko kwamfutar ta buɗe. Gida-gida ne ƙanana a jere, kamar zanen hula, fari da baƙi.

"Kowane gida shi nake kira ƙwaya. Ba ta ganin kowa sai na kusa da ita, da haka suke yin lissafi tare. Ni nake jefa musu kuskure da gangan, in ga ko za su gyara kansu."

Ta taɓa, wata fara ta koma baƙa. Kafin in ƙifta ido ta dawo fara.

"Kin gani? In ɗaya ce ta kauce, maƙwabta sun fi ta yawa, sai su dawo da ita. Amma in kuskuren ya kama da yawa a wuri guda, kowacce ta ga ta kusa da ita ta yarda, shi ke nan ya zauna. Wannan ne aikin da zan kai wa malamai, shi ya hana ni barci."

Tana ta dariyarta, ni kuwa na tuna abin da na yi jiya. Sunanta na ɗauka na kai gida uku, kuma gidajen a jere suke.

Na yafa mayafi. Biyu na same su, na ce ni na ji ba daidai ba, suka ce "To, Hajiya," irin "to" ɗin da na sani. Ta ukun tun safe ta tafi taron suna a Gwale.

Jikata ta gama karatu lafiya. Ban taɓa faɗa mata ba. Har yau in ta wuce matan unguwa a bakin lungu, nakan tsaya a soro in ga ko hira ta tsaya.