Mai Katifa da Kwamfutar Autarsa

Shekara arba'in mai katifa yana dukan auduga da sanda har ta tashi ta yi laushi, shi ya sa ya ɗauka duk abin da ya ƙi ji, duka yake nema. Rediyonsa ya sha mari har ya kurumce. Janareto kuwa da ƙafa ake gaishe shi.

Ran nan sai ga autarsa rungume da kwamfutar cinya, ido ya kumbura. Aikinta na kammala karatu yana ciki, gobe za a karɓa, ga kwamfutar da an kunna sai ta yi zafi, minti biyu ta ɗauke. Wata uku ke nan tana rubutu a shagonsa, kwamfutar na kan katifa tana shaƙar auduga.

"Miƙo ta nan," in ji tsohon.

"Baba, don Allah, ba janareto ba ce."

"Duk uwarsu ɗaya."

Ya kifa kwamfutar, ya zabga mata tafi uku. Autar ta riƙe hannunsa, ya fizge, ya maka wa kwamfutar sanda. Sai ga curin auduga ya faɗo daga kafar iska.

Da aka kunna, ba ta sake mutuwa ba. Sai dai gilashin ya tsage gida huɗu, kusurwa ɗaya tak ke nuna rubutu. Ta nan autar ta lallaɓa ta kwashe aikinta a filashi, tana sharar hawaye.

Har yau tsohon cewa yake shi ya gyara ta. Gilashin kuwa, wai dama can raggo ne.