Layin Dogon Kawu Bitrus a Cikin Kwata

Yau shekara bakwai ke nan da muka binne Kawu Bitrus, wan mamana, kuma har yanzu a gidanmu gansakuka sunanta datti.

Kawu a reluwe ya yi aiki, nan Kafanchan. Da ya yi ritaya sai ya samo wani tsohon madubin duba jini, mai nuna abin da ido ba ya gani. Wata rana ya ɗebo koren abin nan mai santsi daga kududdufin bayan kwatas, ya ce, "Yohanna, zo ka ga layin dogo." Na leƙa. Zare biyu ne kwance gefe da gefe, sun miƙa wa juna 'yan gadoji, sak layi da katakansa. Ya ce in ruwa ya fara janyewa haka suke aure. Abin da ke cikin wannan zare ya bi gada ya shiga wancan, su dunƙule su zama ƙwaya mai tauri, ta kwanta cikin laka har damina. Tun ranar ban warke ba. Duk littafin bayoloji da na gani sai na ara.

To, Kawu, da za ka dawo yau fa? Jirgi sai a yi wata ba a ji kukansa ba. Kududdufinka an cike shi, garejin makanikai ne yanzu. Abin da ya rage kawai busasshiyar lakar da ka bar mini a gwangwanin madara.

Shekara bakwai ina tsoron jiƙa ta, don in ba ta tsiro ba, shi ke nan. Bana na daure na juye ta a kwano, na zuba ruwan sama. Kwana takwas ina gadi. Ran Asabar ɗin shara ta ƙarshen wata na dawo daga koyon waƙar coci, na tarar da kwanon a kife, an wanke shi tas.

"Mama, ina ruwan Kawu?"

"Wane Kawu? Ruwan sauro dai! So kake duba-gari su ci ni tara? Na watsa a kwata."

Ƙanwata har da cewa in je in yi wa amarya da ango addu'a.

Sati uku ba na cin tuwo da daɗi. Shekaranjiya sai ga kore-kore a kwatar bayan kicin, inda ruwa ke tsayawa. Na ɗebo, na sa a madubi: zare ne, da koriyar igiya a murɗe a ciki. Ko na Kawu ne, ko iska ce ta kawo, ban sani ba.

Jibi kuma Asabar ɗin shara ce. Mama ta ba ni tsintsiya, ta ce kwatar nan tawa ce. Na karɓa, amma gwangwanin na fara wankewa, don in ɗebi lakar kafin in share.