Katakon da za mu rufe Baba Seidu da shi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina buɗe shago aka kira ni, wai Baba Seidu mai katako na unguwar Sofoline ya rasu. Na zauna a bakin ƙofa.

Ni kafinta ne, kuma a rumfarsa na fara sayen katako tun ban da ko guduma ta kaina. Shi ya ba ni aron zarto na farko. Da na je mayar masa sai ya ce in tafi da shi, ai na riga na dakushe masa shi.

Wanda ya san Baba ya san ba ya taɓa katakon da aka sare a daji ba lasisi. Tafin hannu kawai zai shafa a jikin katako, in ya ji kaushin haƙoran censo, zarton injin da masu satar itace suke yanka da shi, sai ya ce wa direban da ya kawo ya juya da motarsa.

Kada ku ɗauka yana son kuɗin lasisin ne. Duk lokacin da gwamnati ta ƙara, sai Sofoline gaba ɗaya ta ji muryarsa. Zai je ofishin gandun daji ya biya, sannan ya tsaya ya yi musu faɗa son ransa. Na taɓa tsokanarsa na ce, Baba, ko dai ka biya ko ka yi faɗa, ka zaɓi ɗaya mana.

Ya ce, “Yarona, wanda ya biya shi ne yana da baki.”

Ga abin da da yawa ba su sani ba. In aka yi rasuwa a Zango, katakon da ake jerawa a kabari kafin a zuba ƙasa, galibi daga rumfarsa yake fitowa, kyauta. Sharaɗinsa ɗaya ne, ya kasance mai lasisi. Yakan ce ba za a rufe musulmi da itacen sata ba.

Juma'ar da ta wuce na haɗu da shi a unguwar Alabar bayan masallaci. Ya rame. Ya ce an sake ƙara kuɗin lasisi, masu injin yanka katakon da yake saye a wurinsu suna jiran sabunta takardu, rumfa ta zama wayam.

“Abu ɗaya ne yana damuna sosai paa,” in ji shi. “In wani ya mutu a satin nan, me zan ba su?”

Ashe shi ne.

Ɗazu wasu 'yan'uwa kafintoci suka zo gidan rasuwa da aboboya, babur mai ƙafa uku, cike da katakon daji, suka ce a yi amfani da shi tunda lokaci ya ƙure. Na san don ƙauna suka yi, Allah ya saka musu. Amma na ce su mayar. Ɗaya ya ce, “Masta, wa zai gani? Cikin ƙasa zai shiga fa.” Na ce ai duk wanda Baba ya bayar ma cikin ƙasa ya shiga.

Na dawo shago na dubi teburin da nake aiki a kai. Katakon odum ne mai ƙarfi, daga hannun Baba na saya, tambarin hukuma yana nan a gefensa. Na zare ƙusoshin, na yanka shi daidai faɗin kabari. Gobe zan yi aiki a ƙasa, kuma wallahi zuciyata wasai.

Za a yi masa salla bayan la'asar, daga nan sai maƙabartar Tafo.

Allah ka jiƙan Baba Seidu, ka yalwata masa kabarinsa, ka ba iyalinsa haƙuri. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya tsaya ya yi masa addu'a, musamman ku da ya rufa wa iyayenku asiri ba ku sani ba.