Uwaisu da Silifansa na Hagu

A Sharada, in ka ce gidan Malam Ya'u mai gadi sai an tsaya tunani, amma in ka ce gidan Tarkace ko yaro zai kai ka. 'Ya'yan gidan kowa da abin da ya taso yana tarawa. Aina'u takardun alewa ne nata, tana goge su tana jerawa a ƙarƙashin katifa. Sagir kuwa matattun ƙwayayen lantarki, wai ba za a tabbatar sun mutu ba sai ranar da aka kawo wuta. Har yau ba a tabbatar ba.

Uwaisu ne ya fi su nisa. Kamfanin robar da babansu ke gadi yana da inji mai ɓata ƙafar hagu, sai a watso silifan ta bayan katanga. Tun yana ɗan shekara bakwai Uwaisu ke tsince su, don tausayinsu yake ji, ba su yi laifin komai ba aka raba su da 'yan uwansu. Kamfanin ya rufe, Malam Ya'u ya rasu, Uwaisu ya girma ya samu aiki a majemar fata a Challawa, buhunansa tara na nan a ɗaki.

Sai ga Fiddausi 'yar Panshekara, wadda ya ƙwallafa rai a kanta. Iyayenta suka ce Kawu Falalu, ƙanin babanta, zai zo bincike, mutumin da ya rusa neman aure uku da bakinsa. Hankalin Uwaisu ya tashi. Bai iya zubar da kayan ba, sai ya lallaɓa ya jibge su a bayan masallacin unguwa, ya rufa musu tsohuwar tabarma.

Ya manta cewa wata biyu ke nan ana sace takalma a masallacin. Ana idar da la'asar, Kawu Falalu na zaune gaban liman yana tambayar halin yaro, ladan ya ɗaga tabarma ya kurma ihu an gano ma'ajiyar ɓarawo. Jama'a suka zazzage buhuna, wani ya tafi nemo fetur a ƙona.

Uwaisu na tsaye a wurin. In ya yi shiru a ƙone tarin shekara ashirin, in ya yi magana Fiddausi ta tafi. Da ya ga an kyasta ashana sai ya ji bakinsa ya buɗe.

"Malam, ku yi haƙuri, nawa ne. Ku duba, duk hagu ne."

Liman ya juya guda, ya juya wani. "Uwaisu, me kake yi da su?"

"Ba komai, Malam. Ajiye su nake." Ya ɗaga wani shuɗi. "Wannan ranar da na shiga firamare na tsince shi."

Aka fashe da dariya, har da mai ashana. Kawu Falalu bai yi ba, ya saka takalmansa ya hau keke napep, Uwaisu ya kwashe kayansa ya koma gida ya kasa cin tuwo.

Bayan kwana biyu saƙo ya zo a turo magabata. Ashe abin da Kawu ya faɗa wa yayansa, baban Fiddausi, ke nan: "Yaya, yaron da ɗan motsi a kansa, ba na musu. Amma 'ya'yana biyu suna gida da takardar saki. Wanda ya kasa yar da silifa ƙafa ɗaya shekara ashirin, ku ba shi."