Famfon sitiyari a ranar rasuwar Inna

Ina kasuwar albasa a Aliero ƙanena ya kira ni. Bai yi sallama ba. Ya ce, “Yaya, Inna ta cika. Ka biyo ta Jega ka sawo likkafani, nan babu. Bayan azahar za a kai ta.”

Na bar buhunan a hannun dillali na shiga mota. Tsohuwa ce, amma ba ta taɓa ba ni kunya a hanyar gida ba. A Jega na sayi farin yadi da turare, na ɗora a kujerar da ke gefena. Ina juya kan motar daga bakin shagon sai ta yi wani ƙugi daga gaba, sitiyarin ya ƙage a hannuna. Da ƙyar na kauce wa mai kura. Da na leƙa ƙasa, jan mai na tsiyaya kan kwalta.

Akwai bakanike a Sabon Gari, nan cikin Jega, da nake kai wa aiki, dattijo ne mai yawan ba'a. Na lallaɓa da motar har wurinsa. Yana ganina ya ce, “Alhaji, yau kuma mi tsohuwar taka ta yi?” Motar yake nufi. Na ce masa Inna ta rasu. Ya yi mini ta'aziyya, ya buɗe bonet.

Ya ce famfon sitiyari ne ya ƙone, man ya tsiyaye duka. Wani famfon sai an aiko daga Birnin Kebbi. Abin da zai iya shi ne ya cire bel ɗin famfon, motar ta tafi, amma sitiyarin zai yi nauyi ƙwarai.

“Bisa kwalta kana iyawa,” in ji shi. “Amma in ka sauka hanyar garinku Giwa Tazo, rairayi ne da kwana-kwana. Ka ba ɗan kabu-kabu yadin shi wuce da shi, kai ka biyo a hankali.”

Na ƙi. Ni ne babba a ɗakinmu. A gidanmu babban ɗa ne ke shiga da likkafanin uwa da hannunsa, haka Baba ya yi wa tasa. Ban iya miƙa shi ga wanda bai san ta ba.

Har Maiyama ban sha wahala sosai ba, hanyar miƙaƙƙiya ce. Da na bar kwalta na fara kokawa. Kowace kwana sai na kama sitiyarin da hannu biyu, na ɗora ƙirjina a kai. In na rage gudu ya ƙara tauri, in na ƙara gudu rairayi ya ja ni gefe. Waya na ta ƙara. Na ɗauka sau ɗaya.

“Yaya, kana ina? An gama wanka. Liman ya ce zafi ya yi yawa.”

“Ku ba ni kaɗan.”

“Mun ba ka, Yaya.”

A wata kwana kusa da gonakin gero hannuna ya gaza. Motar ta miƙe, ƙafar gaba ta faɗa kwalbatin ruwa. Na ɗauki yadin na kama gudu da ƙafa.

Na iske mutane suna dawowa daga maƙabarta. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ce ta fito da likkafanin da ta ajiye wa kanta, da shi aka rufe Inna. Ƙanena ya riƙe ni. Na je na tsaya kan kabarin, ƙasar da ɗanyenta.

Washegari shanu suka jawo motar zuwa ƙofar gida. Bakanike ya aiko cewa famfon ya iso. Har yanzu ban je na karɓo ba.